Goggo Uwani da Kofin Zoɓo

Goggo Uwani ba malama ba ce,
kwalabe take wankewa a ɗakin bincike, can Samaru.
Sai dai kunnenta ba ya barci.
Abin da ta tsinto da rana
shi take kwance mana da yamma a Tudun Wada,
kamar ƙullin gyaɗa a bakin zane.

Ran nan Barau ya sayo zoɓo.
Ta ce, "Dakata, miƙo shi nan."
Ta jiƙa kanwa, ta ɗiga a kofi,
jan ya gudu, wani kore mai duhu ya zauna.
Ladidi ta ja da baya: "Goggo, tsafi!"
Ta matsa lemon tsami,
sai ga ja ya dawo gida.
"Ba tsafi, 'yata. Zoɓo ɗan rahoto ne.
Ya ga tsami, ya sa jar riga,
ya ga kanwa, ya sauya wata."
Barau dai kuka yake,
an kashe masa naira ɗari a banza.

Ta dafa randa. "Ku taɓa, me kuka ji?"
"Gumi take yi."
"To, da gumin take sayen sanyi.
Ɗigon da ya sulale ta jikin yumɓu
ba ya tafiya hannu banza,
zafi yake goyawa ya bi iska.
Ba waya, ba mita,
ba mai zuwa yanke mata wuta."

Hadari ya haɗo ta wajen Kufena,
walƙiya ta keta sama.
"Ku ƙirga!"
Ɗaya, biyu, har muka kai shida,
sannan tsawa ta iso tana haki.
"Tagwaye ne, lokaci guda aka haife su,
haske ɗan tsere, ƙara mai jan ƙafa.
Duk daƙiƙa uku, kilomita guda.
Wannan tana can, kilomita biyu,
Tanimu, fito daga ƙarƙashin tabarma.
Hasken ranar da ya busar da wankinku ma
sai da ya yi minti takwas a hanya."

"Rimin bayan makarantarku,
a ina ya samo wannan jiki?"
Na ce, "Ƙasa ya ci!"
Ta yi dariya har ɗankwali ya zame.
"Da ƙasa ya ci, ai da a rami yake tsaye.
Iska ya sha, ya haɗa da ruwa,
rana ta dafa masa.
Numfashin da ka fitar jiya kana ƙwallo,
wa ya sani, ko yau ya zama ganye?"

Daga nan sai ta riƙa watso su kamar tsaba.
Sauron da ya cije ka mace ce,
namijin ruwan fure ya ishe shi.
Malam-buɗe-littafi da ƙafa yake ɗanɗano.
Jininka akwai ƙarfe a ciki,
dangin wanda maƙeri ke duka.
"Jaririn Asabe kuwa ya fi babanku yawan ƙashi,
nasa ba su gama haɗewa ba tukuna."
Baba ya sauke rediyo daga kunne:
"Uwani, a bar ni in ji labarai."

Da za ta shiga ɗaki ta waiwayo.
"Kai mai gardama, ka fi tsawo da safe.
Yini yana danne gadon baya,
barci ya sake shi."

Ban yarda ba.
Na ja layi da gawayi a bangon zaure,
Ladidi ta riƙe mini fitila.
Da asuba na koma, na manna ƙeya,
ta sake ja.
Layi biyu, tsakaninsu kamar faɗin farce.

Inna ta gani, ta ce wa ya ɓata mata bango.
Na sha rankwashi biyu.
Goggo tana ɗaura takalmi, za ta tari motar Samaru,
ta ce, "Wannan ƙullutun da ya fito maka,
ka tuna mini da yamma,
shi ma akwai bayaninsa."